Duwatsun Tunawa Da Mazajen Da Suka Faɗi A Fagen Fama

Kowace shekara, ran 15 ga watan Janairu, a kan taru a Abuja da sauran manyan biranen jihohi domin tunawa da 'yan mazan jiya. Soja su yi fareti, a busa begila, jama'a su yi tsit na ɗan lokaci, sa'an nan manya su fito ɗaya bayan ɗaya su ajiye furanni a gindin dutsen tunawa, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru. An zaɓi wannan rana ne domin a cikinta yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare, cikin 1970. Kafin a mayar da bikin nan, ran 11 ga watan Nuwamba a ke yinsa, tare da sauran ƙasashen renon Ingila.

Biki ne mai kyau, ba mu kuwa da abin kushewa a cikinsa. Amma akwai wata tambaya da mu ke so kowane malami ya yi wa ajinsa kashegarin bikin. Ya ce wa yara, "Wa zai faɗa mini sunan mutum ɗaya daga garin nan, ko daga gundumar nan, wanda ya mutu a fagen yaƙi?" Mu mun gwada tambayar nan a makarantu ba ɗaya ba, ba biyu ba, amsar da mu kan samu ita ce sunkuyar da kai. In an yi sa'a wani yaro ya ce ya ji kakan babansa ya je Burma, amma bai san inda Burma ta ke ba, bai kuma san abin da ya kai shi can ba. Laifin ba na yara ba ne, don ba wanda ya gaya musu. Mu kanmu malamai da ma'aikatan ofis, in aka juyo da tambayar kanmu, kaɗan ne daga cikinmu za su fita kunya.

In muka ɗauki zamanin Turawa, matattun yaƙi na ƙasar nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka tare Turawa sa'ad da suka zo cin ƙasa, suka faɗi a ƙofofin garuruwansu. Akwai kuma waɗanda suka sa kakin Sarkin Ingila, aka kai su Kamaru da Afirka ta Gabas da Burma, ba su komo ba. Nufinmu a nan mu duba abin da aka kafa don tunawa da kowane kashi, mu ga wanda aka tuna da wanda aka manta, kana mu faɗi aikin da ya rage.

Inda Al'adar Ta Fito

Yaƙin Duniya na Farko, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Jamus, ya tsaya ran 11 ga watan Nuwamba 1918, da ƙarfe 11 na safe. Mutanen da suka halaka a cikinsa sun yi yawa ƙwarai, har Gwamnatin Ingila ta yanke shawara ba za a kwaso gawawwaki zuwa gida ba, sai dai a binne kowa a ƙasar da ya faɗi. Tun cikin 1917 an riga an kafa wata hukuma ta kula da kaburburan yaƙi, aka kuwa ɗora ta bisa ƙa'ida guda: kowane mamaci a rubuta sunansa, ko a kan kabarinsa, ko kuwa a jikin bango in ba a ga gawarsa ba, kuma kada a bambanta janar da farabiti, ko mai dukiya da talaka.

Cikin 1920 aka buɗe wani dogon dutse a tsakiyar birnin Landan, mai siffar kabari amma babu kowa a ciki, ya zama a madadin dukan waɗanda aka binne nesa da gida. A ranar kuma aka binne wani soja da ba a san sunansa ba a babbar majami'ar Westminster, inda a da a ke binne sarakuna, domin duk uwar da ɗanta ya ɓace ta samu ta ce wa ranta watakila shi ne. Daga nan al'adar ta bazu duk inda Ingilishi ke mulki, har ta iso ƙasarmu. Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe daga wannan labari shi ne ƙa'idar nan ta rubuta suna, gama da ita za mu auna abin da aka yi wa namu.

Mazajen Da Suka Tare Nasara

A ƙarshen watan Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya ya nufi Kano, da igwa da bindiga mai ruwa. Ran 3 ga watan Fabrairu ya shiga birni. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato, sai Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya tsaya ya yi yaƙi har aka kashe shi. Kafin watan ya ƙare, mayaƙan Kano da ke komowa daga Sakkwato suka yi karo da sojan Turawa a wajen Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya faɗi nan da jama'arsa da dama. Shi kuwa Sarki Alu aka kama shi, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu cikin 1926.

Ran 15 ga watan Maris aka gwabza a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Doki da mashi da takobi ba su iya da bindiga mai ruwa ba, yaƙin bai daɗe ba. Amma waɗanda suka kewaye tutar Sarkin Musulmi sun ƙi gudu, suka tsaya a gindinta har aka gama da su. Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya ƙi zama a ƙarƙashin Nasara, ya yi gabas da niyyar hijira, talakawa dubbai suka bar gonakinsu suka bi shi. Aka yi ta bin sawunsa har Burmi, kusa da Bajoga cikin Jihar Gwambe ta yau. Ran 13 ga watan Mayu Turawa suka kai wa garin hari, mutanen Burmi suka kore su. Ran 27 ga watan Yuli suka komo da ƙarfi, aka yini ana fafatawa. Manjo Marsh, shugaban rundunar, kibiya ta kashe shi. Sarkin Musulmi ya faɗi tare da mutum fiye da 600, cikinsu har da Magajin Keffi Ɗan Yamusa.

Shekara 3 bayan wannan aka sake zubar da jini a wurare biyu. Cikin watan Afrilu 1906 Kanar Lowry Cole ya shiga Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi da waɗansu 'ya'yansa da manyan jarumansa. Kafin nan kuwa, ran 14 ga watan Fabrairu, mutanen Satiru, wani ƙauye kimanin mil 14 kudu da Sakkwato, sun fatattaki wata ƙungiyar soja da gatura da fartanya, sun kashe Turawa 3, watau Hillary da Scott da Blackwood, da sojan ƙasa kimanin 25. Sarakunan Sakkwato na lokacin ba su goyi bayansu ba, gama sun ɗauke su 'yan tawaye ne masu da'awar Mahadi. Ran 10 ga watan Maris aka komo aka rushe garin, aka kashe mutum kimanin 2,000, aka kuma hana kowa sake gini ko noma a wurin.

'Yan'uwanmu na ƙasar Nijar su ma sun ga irin tasu. Cikin 1899 rundunar Faransa a ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa. Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu, Birnin Ƙonni kuwa suka yi masa kisan gilla. Cikin watan Yuli sojansu suka juya musu baya suka kashe su. Kaburburan Turawan nan biyu suna nan a Maijirgi, kowa ya san masu su. Mutanen Ƙonni da suka kashe kuwa, ba a ajiye ko lissafin sunayensu ba.

To, me aka kafa don tunawa da waɗannan mazaje? Mutanenmu ba su sassaƙa musu dutse ba, amma sun tuna da su ta hanyoyin da suka saba. Sarki Muhammadu na Haɗeja, har yau Mai Shahada a ke kiransa, haka kuma Waziri Ahmadu na Kano, laƙabin ya zama kamar rubutu a kan kabari. Kabarin Sarkin Musulmi Attahiru yana nan a Burmi, ana ziyartarsa. Sunan Giginya yana kan barikin soja da filin wasa a Sakkwato. Tutar da aka ƙwace, cikin 1960 aka mayar da ita hannun Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ɗan Attahiru kuma, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har Sudan, suka kafa gari a bakin kogin Nilu wanda a ke kira da sunansa, zuriyarsu na can har yau.

Duk wannan abin godiya ne. Amma mu ƙirga mu gani. Cikin mutum fiye da 600 da suka faɗi a Burmi, sunaye nawa mu ke iya kawowa? Cikin 2,000 na Satiru fa? Sunayen Turawa 3 da aka kashe a Satiru suna cikin littattafai, mun ma rubuta su a sama ba tare da wahala ba. Manomin da ya bar garma ya ɗauki baka, da bawan da ya riƙe linzamin ubangijinsa, da almajirin da ya bi malaminsa, waɗannan sun tafi da sunayensu. Bakin jama'a ya riƙe sarki da waziri, ya saki talaka.

Sojan Da Aka Kai Nesa

Kashi na biyu su ne waɗanda suka yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Ingila. Da yaƙin Jamus ya tashi cikin 1914, sojan Nijeriya suka shiga Kamaru, wadda a lokacin ke hannun Jamus. Harin farko da suka kai Garwa cikin watan Agusta bai yi nasara ba, sai cikin watan Yuni 1915 aka ci garin. Dutsen Mora kuwa bai sallama ba sai Fabrairu 1916. Daga nan aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda suka sha wuya ƙwarai a yaƙin Mahiwa cikin watan Oktoba 1917, a ƙasar Tanzaniya ta yau. Bayan masu bindiga akwai dubban 'yan alaro, watau masu ɗaukar kaya, waɗanda yunwa da zazzaɓi da atuni suka kashe fiye da yadda harsashi ya kashe.

A Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1941, sojanmu suka bi ta Mogadishu suka shiga Habasha har Harar, suna korar Italiya. Daga 1943 zuwa 1945 kuma aka kai mutanen Afirka ta Yamma kimanin 90,000 yaƙin Japan, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya ne, cikin Runduna ta 81 da ta 82. A kwarin Kaladan na ƙasar Burma babu hanyar mota, sai kurmi da duwatsu da ruwan sama, saboda haka a ka a ke ɗaukar kaya, abinci kuwa jirgin sama ke jefo musu. Cikin watan Janairu 1945 suka ci garin Myohaung.

Waɗannan an kafa musu duwatsu. Akwai na yaƙin Jamus a Zariya da Lakwaja da Badun da Kalaba. A Ikko an yi mutum-mutumin tagulla guda biyu, soja da ɗan alaro, waɗanda mutanen gari suka sa wa suna Soja Idumota. A maƙabartar soja ta ƙasa da ke Abuja akwai abin tunawa mai ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Can kuma a Taukkyan, arewa da birnin Rangun, akwai ginshiƙai da aka buɗe cikin 1958, an rubuta sunan mutum kusan 27,000 waɗanda suka mutu a yaƙin Burma ba a ga kabarinsu ba. Wanda ya bi jerin zai tarar da 'yan Nijeriya a tsakanin Indiyawa da Ingilishi.

Akwai kuma wata irin tunawa da mu ke wucewa ta gabanta kullum ba mu lura ba, ita ce sunayen barikoki. Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Arakan da Myohaung a Ikko, Letmauk a Badun, duk sunayen wurare ne a Burma inda sojanmu suka yi yaƙi. Chindit ta Zariya kuwa sunan wata runduna ce ta musamman da aka sauke a bayan dagar Japan cikin 1944, cikinta akwai bataliya 3 ta Nijeriya. Malamin da ke koyar da labarin ƙasa a Kaduna yana da taswirar Burma a kan titunan garinsa, in ya so ya yi amfani da ita.

Sai dai ita ma wannan tunawa tana da giɓi. Cikin watan Afrilu 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta fitar da rahoton binciken da ta sa aka yi mata, ta amsa da bakinta cewa a yaƙin Jamus ba a cika ƙa'idar nan ta daidaita matattu ba. Mutum 45,000 zuwa 54,000 an tuna da su ta hanyar da ba ta kai ta Turawa ba. Waɗansu kuma, aƙalla 116,000, watakila har 350,000, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, yawancinsu kuwa 'yan Afirka ne, musamman masu ɗaukar kaya. Rahoton ya nuna cikin 1923 Gwamnan Gwalkwas, watau Ghana ta yau, ya ba da ra'ayin wai mutumin ƙasa ba zai gane darajar dutsen kabari ba. Ministan tsaro na Ingila ya tashi a Majalisa ya nemi gafara. Ashe a nan ma talaka ne aka saki.

Ƙullin Da Ke Tsakani

Yanzu mun zo wurin da maganar ke da nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. Rundunar da ta ci Kano, Turawan cikinta ba su kai 50 ba, sauran fiye da 700 duk baƙar fata ne, da yawansu Hausa su ke ji. Hannuwan da suka harba bindiga a Giginya da Burmi da Haɗeja, yawancinsu hannuwan 'yan ƙasa ne. Ita wannan runduna, wadda Lugga ya shirya cikin 1897, ita ce ta zama sojan Nijeriya da suka je Kamaru da Burma, daga gare ta kuma sojanmu na yau suka samo asali. Yaro mai hankali zai tambayi malaminsa, "Malam, in waɗanda suka faɗi a Burmi jarumai ne, yaya kuma za mu girmama rundunar da ta kashe su?"

Kada malami ya tsawata wa yaron nan, gama tambayarsa tana kan hanya. Amsar da mu ke ganin ta dace ita ce a gaya masa gaskiya duka. Waɗanda suka tare Nasara sun mutu suna kare ƙasarsu da addininsu, wannan babu shakka a cikinsa. Waɗanda suka shiga soja kuwa, dalilansu iri-iri ne. Wani bawa ne ya gudu daga hannun ubangijinsa, wani talauci ya kore shi daga gida, wani son kaki da albashi ya ja shi, wani kuma, musamman a lokacin yaƙe-yaƙen duniya, hakimi aka ce ya kawo mutum kaza, dagaci ya nuna shi. Sarakuna da kansu sun yi kira a shiga soja a yaƙin Hitila. Yaron da aka ɗauka daga ƙauye cikin 1942 ba shi ya ci Burmi ba, watakila ma kakansa a can ya faɗi.

Labarin Chari Maigumeri ya isa misali. Mutumin Barno ne, ya fara aikin soja a wurin Jamus a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa, daga baya ya shiga sojan Nijeriya, ya yi yaƙi da Jamus ɗin a Afirka ta Gabas. Ya je Habasha, ya je Burma, ya kai muƙamin babban samanja, ya bar aiki cikin 1953 aka ba shi girman kyaftin. Barikin soja na Lakwaja da sunansa a ke kiransa. Mutum ɗaya ke nan, ya yi wa tuta biyu aiki, ba kuwa wadda ta ke ta ƙasarsa. Haka zamanin ya yi da mutanenmu. Rubuta sunan mamaci ba yanke masa hukunci ba ne, hukunci na Allah ne. Namu shi ne mu ce wane ɗan wane, mutumin gari kaza, ya mutu a wuri kaza, cikin yaƙi kaza.

Mutum-Mutumi Ko Rubutu

Wani zai ce ai wannan al'adar Turawa ce, mu Musulmi ina ruwanmu da duwatsu da gumaka? Lalle malamanmu ba su yarda da sassaƙa siffar mutum ba, ba su kuma yarda da ƙawata kabari ba, mu ma ba shi mu ke kira a yi ba. Amma kiyaye sunayen waɗanda suka faɗi a fagen fama ya girmi Turawa a wurinmu. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Musulmi kimanin 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza. Aka binne su nan inda suka faɗi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan ziyarce su. Marubuta Sira kuma suka jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kowa da kabilarsa, ba su tsallake talaka ba. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi marsiyyar abokansa da suka faɗi a yaƙe-yaƙen jihadi, ya ambace su da suna. Saboda haka littafi da allo da addu'a sun ishe mu, ba sai an zuba tagulla ba.

Jerin kuma dole ya haɗa kowa. Sojan da suka je Burma daga Arewa ba Hausa da Fulani da Barebari kaɗai ba ne. Akwai Tibi da Angas da Bacama da Dakarkari da sauransu da yawa, akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu addinin gargajiya. Rami ɗaya suka kwana, tukunya ɗaya suka ci, bai kamata mu raba su a takarda ba.

Aikin Da Ya Rage Gare Mu

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma lokacin waiwayen nan ya kusa ƙurewa. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 cikin 1943, cikin 1925 aka haife shi, 'yan kaɗan ne irinsu suka rage. 'Ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu su ma sun tsufa. Jikokin waɗanda suka ga Burmi da Haɗeja kuwa sai an tona. Duk tsohon da aka kai kushewa ba a tambaye shi ba, ya tafi da sunaye goma ko ashirin waɗanda ba mai sake faɗinsu. Ga abin da mu ke ba da shawara a yi.

Da fari, kowace makaranta ta sayi littafi guda mai bango mai ƙarfi, a ja masa layi gida bakwai: sunan mamaci, sunan ubansa, unguwarsu ko ƙauyensu, yaƙin da ya je, shekara, inda ya faɗi, da sunan wanda ya ba da labari. A aiki manyan yara gida-gida, bayan an nemi izinin mai unguwa, su gai da tsofaffi da ladabi su tambaye su. Kada a manta da tsofaffin mata, gama sau da yawa su ne ke riƙe da sunan wanda ya tafi bai komo ba. A rubuta abin da aka ji kamar yadda aka ji shi, kada a ƙara masa gishiri. In mutum biyu sun saɓa, a rubuta duka biyu.

Na biyu, a nemi takardu. A gidaje da yawa akwai takardar sallama ta soja, ko lambar yabo, ko hoto, a ƙasan adaka. Takardar sallama tana ɗauke da lambar soja da bataliyarsa, da su kuwa a ke gane mutum. A kwafe a mayar wa masu ita nan take, kada wani ya tafi da ita gida. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta sa jerin sunayenta a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Sai dai mai nema ya yi haƙuri, don akawun soja ya kan rubuta mutum da sunansa da na garinsu kawai, kamar a ce Musa Kano ko Garba Katsina, ya kan kuma karkatar da rubutun yadda kunnensa ya ji. Lambar soja ita ce ke raba gardama.

Na uku, aikin ma'aikatan ofis ne. A yi wa littafin kwafi uku, ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a ofishin hakimi ko na ƙaramar hukuma, ɗaya a aika gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa. Tsofaffin fayil-fayil na zamanin En'e da ke jibge a sito, kada a ƙone su don neman wuri kafin a duba, gama a cikinsu a kan tarar da jerin waɗanda aka ɗauka soja da na masu karɓar fansho.

Na huɗu, in sunaye sun taru, a rubuta su a allo a kafa a bangon makaranta, a karanta su da ƙarfi sau ɗaya a shekara. Makarantar da ke kusa da Giginya, ko Kwatarkwashi, ko Burmi, ko ganuwar Haɗeja, ko dutsen tunawa na Zariya, ta kai yara su gani da idonsu, gani ya kori ji. In an tarar ciyawa ta rufe wurin, a nome, ba sai an jira umurni daga sama ba.

A ƙarshe mu tuna jerin nan bai rufe ba. Bayan Burma an yi Kwango, an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, an yi Laberiya da Saliyo, tun 2009 kuma ana ta binne samarin soja da suka faɗi a Arewa maso Gabas. Waɗannan matansu da marayunsu suna tare da mu, waɗansu ma suna zaune a azuzuwanmu. Malamin da ya san akwai ɗan soja maraya a ajinsa, ya lura da littafinsa da rigarsa da kuɗin jarrabawarsa, ya kuma tabbata sunan uban ya shiga littafin makaranta tun yanzu da masu saninsa ke raye.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba iyalansu haƙuri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.